Ramin iyafis: wa ya toshe shi, wa kuma ke biyan kuɗin?

Kawuna tsohon malamin firamare ne a nan Bauchi, kuma tun da ya yi ritaya aka san shi da abu biyu: carbi a hannu, da igiyar iyafis da ta fito daga aljihun gaban riga ta hau kunne. Kunne ɗaya yake sawa, ɗayan ya bar shi don amsa sallama. Da ƙaramar sallar da ta wuce ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da sabuwar waya mai tsada, irin mai santsin nan da in ka riƙe sai ka ji kamar za ta sulɓe. Kawu ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya kai ta hasken taga, ya bi gefenta da farce. Sannan ya aika a kira ni.

"Zo ka duba mini, ko dai an cuci yaron nan ne. Wayar nan ba a gama ƙera ta ba."

Na yi masa bayani bai gamsu ba, don har gobe a wurinsa ni ɗan aji uku ne. Sai da muka tari Keke muka je wurin wani mai gyara a kasuwar Wunti. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya yi murmushi.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Haka ake yin manyan yanzu. Sai dai a saya muku bulutut."

"Shi ma cajinsa ake yi?"

"Ana yi, Baba."

"To, madalla. Waya caji, abin ji caji. Wutar kai za ka riƙa kawo mini?"

Shagon ya ɗauki dariya. Amma tambayar Kawu ta fi duk bayanin da kamfanoni suka yi a kan wannan batu zuwa ga inda gizo ke saƙa, kuma kafin a fahimci haka sai an san aikin da ɗan ramin nan yake yi.

Duk abin da ke cikin waya, ko karatun Alƙur'ani ne, ko waƙa, ko saƙon muryar da uwargida ta turo na cefane, a matsayin lambobi yake ajiye, sifili da ɗaya. Kunne kuwa ba ya jin lamba, girgizar iska yake ji. Saboda haka dole a samu tafinta a tsakani. Tafintan wani ɗan guntu ne a kan allon wayar, wanda masu sana'ar ke kira DAC, shi ne ke mayar da lambobin su zama wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da sautin. Sai wani guntun ya ƙara mata ƙarfi, ta bi ta rami, ta bi igiya, ta isa ga ɗan maganaɗisu da wani siririn falle da ke cikin iyafis, fallen ya yi ta rawa, iska ta motsa, ka ji. Ke nan duk aikin mai wuya a cikin waya aka gama shi. Iyafis mai igiya ba shi da batir, ba shi da ƙwaƙwalwa, ɗan aike ne kawai. Shi ya sa yake da arha, shi ya sa kuma na shekara goma da suka wuce zai yi aiki a wayar yau muddin tana da ramin.

In ka duba tsinkensa za ka ga baƙaƙen zobba. Mai zobe biyu ya kasu gida uku: kunnen hagu, kunnen dama, da hanyar da wutar ke komawa. Mai zobe uku yana da ƙarin gida na makirufo. Waɗanda suka yi zamanin Nokia za su tuna wani abin haushi: ka ɗauki iyafis ɗinta ka soka a wata wayar, sai ka ji muryar mawaƙi can ƙasa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓallin amsa kira sannan sauti ya fito ras. Ba lalacewa ba ce. Tsari biyu ne ake da su a lokacin, ɗaya ya sa makirufo a inda ɗayan ya sa hanyar komawar wuta. Daga baya kusan kowa ya koma tsari guda.

Ramin kansa ya girmi kakanninmu. Babban yayansa mai kaurin milimita 6.35 tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da shi a ɗakunan haɗa kiran tarho, inda ma'aikata ke zare igiya daga wani rami su soka a wani don haɗa mai kira da wanda ake kira. Har yanzu yana nan: leƙa bayan amfilifayar masallacin unguwarku za ka gan shi. Ƙaramin, mai milimita 3.5, ya bayyana ne da ƙananan rediyoyin aljihu a shekarun 1950, sai Walkman na kamfanin Sony ya yaɗa shi duniya daga 1979. Abin lura shi ne ba mallakin kowa ba ne. Duk wanda ya ga dama zai ƙera iyafis, ya dace da wayar kowane kamfani, ba tare da ya biya kowa ko sisi ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 7 ga Satumba, 2016, kamfanin Apple ya gabatar da iPhone 7 babu ramin. Ba shi ya fara ba. Oppo ya fitar da R5 a 2014 ba rami, LeEco da Motorola ma sun riga shi da 'yan watanni a cikin 2016 ɗin. Amma in ƙaramin ɗan kasuwa ya canza mudu mutane sai su wuce gaba, in babban dillali ya canza sai kasuwar duka ta bi. Da Phil Schiller, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ya tsaya a dandali zai faɗi dalili, ya ce abin ya taƙaita ne a kalma ɗaya, wato ƙarfin hali. An daɗe ana yi masa ba'a da wannan kalma.

Masu ba'ar ma ba su daɗe ba. Google ya yi wa Apple shaguɓe a tallar Pixel ta farko a 2016, yana alfahari da cewa tasa tana da ramin. Shekara na zagayowa Pixel 2 ta fito ba shi. Samsung ya yi tallace-tallace yana zolayar masu iPhone da ɗan igiyar da suke yawo da ita. A watan Agustan 2019 ya fitar da Galaxy Note 10 a toshe, tallace-tallacen kuma suka ɓace daga shafinsa. Wanda ya yi dariyar mai gyambo.

Dalilan da ake bayarwa uku ne, kuma ba duka ne ƙarya ba.

Na farko shi ne fili. Cikin waya ya fi ɗakin amarya cunkoso, kuma ramin yana shiga ciki kusan santimita ɗaya da rabi, ga gidan da ke riƙe shi. Wannan gaskiya ne. Batirin iPhone 7 ya fi na 6s girma, 1,960 da 1,715 a ma'aunin mAh, an kuma sa mata injin girgiza mafi girma saboda maɓallinta na gaba ya daina dannuwa da gaske. Amma a duba girman ribar. Samsung da bakinsa ya ce cire ramin a Note 10 ya ba shi damar ƙara kimanin 100 a batir, a wayar da batirinta 3,500 ne. Bai kai kashi 3 cikin 100 ba. 'Yan mintoci ke nan, waɗanda bulutut ɗin da za ka kunna zai iya cinye wani abu daga cikinsu. Zancen siranta kuwa bai ma tashi ba: kaurin iPhone 6s milimita 7.1 ne, na iPhone 7 ma 7.1. Kuma tun 2014 Vivo ya yi X5Max mai kaurin milimita 4.75, da raminta. A 2017 wani injiniya Ba'amurke, Scotty Allen, ya zauna a kasuwar kayan waya ta Shenzhen a ƙasar Sin, ya shafe kimanin wata huɗu yana fama, har ya huda iPhone 7 ya dasa mata rami mai aiki, ya nuna wa duniya a YouTube. Ya sha wuya, ya lalata kaya da yawa, amma mutum ɗaya ne da kayan aikin tebur.

Na biyu shi ne ruwa. Kowace kafa a jikin waya ƙofa ce ga ruwa da ƙura, kuma wanda ya ga abin da hazon hunturu ke tarawa a ramin iyafis, har sai an sa tsinken sakace an ƙwaƙulo, ba zai musa ba. Wani lokaci ma datti kan sa waya ta ɗauka an soka iyafis alhali ba a soka ba, sifika ta yi gum, masu gyara sun san wannan ciwon sarai. Sai dai Galaxy S7 ta fito a watan Maris na 2016, wata shida kafin iPhone 7, tana da ramin a buɗe, kuma matakinta na jure ruwa IP68 ne, sama da IP67 na iPhone 7. Ana iya toshe bayan ramin da roba da gam. Kuɗi ne kawai yake ci, kuma kamfani ne zai biya.

Na uku shi ne wai zamani ya wuce igiya. A nan ne ya kamata a bi sawun kuɗi. A ranar da aka nuna iPhone 7, a kan dandalin nan dai, aka nuna AirPods, bulutut ɗin kunne na Apple, a kan dala 159. Shekara biyu kafin nan Apple ya sayi kamfanin hedifon na Beats a kan dala biliyan 3. Samsung ya sayi Harman, mai JBL da AKG, a kan dala biliyan 8, cinikin ya kammala a 2017, Galaxy Buds suka fito a 2019. Google ya gabatar da Pixel Buds rana ɗaya da Pixel 2, su ma dala 159. Ba na cewa an zauna a ɗaki an ƙulla makirci. Ina cewa ne in mai rijiyar unguwa ya rufe ta ranar da ya buɗe shagon fiyawata, ko da rijiyar tana da laifinta, ba za a hana mutane magana ba. Ga kuma wani ƙarin: bakin cajin iPhone na lokacin, wato Lightning, mallakin Apple ne, duk mai son ƙera abin da zai shiga cikinsa bisa ƙa'ida sai ya nemi lasisi ya biya. An bar ƙofar da ba ta da mai gadi, aka koma wadda ake karɓar kuɗin shiga. Da farko ana sako ɗan adafta mai haɗa iyafis mai igiya da bakin caji kyauta a kwalin iPhone. A 2018 aka daina, sai ka saya dala 9. A 2020, da iPhone 12, iyafis ɗin da kan caja ma suka bar kwalin.

To me ya canza a aikace? Tafintan nan da na ambata bai bar wayar ba, tunda sifika na bukatarsa. Abin da ya faru shi ne an tilasta maka sayen na biyu. A cikin kowane ɗan bulutut da ke kunnenka akwai rediyo mai karɓar saƙo, akwai DAC, akwai mai ƙara ƙarfi, akwai batir. Ƙaramar kwamfuta ce, guda biyu, ga akwatin cajinsu shi ma da nasa batirin. Nauyin da waya ke ɗauka a da, yanzu ya koma aljihunka.

Hanyar iskar kuma ƙunci gare ta. Sautin faifan CD yana bukatar kilobit 1,411 a daƙiƙa. Tsarin SBC da kowane bulutut ke da shi yana tsayawa ne wajen 328. Dole a matse sautin, a zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba. Akwai tsare-tsaren da suka fi, irin su aptX na Qualcomm da LDAC na Sony da ke kaiwa 990, amma sai waya da abin kunnen duka sun san yaren. Gaskiya dai, a cikin hayaniyar kasuwar Muda Lawal, da waƙar da aka riga aka matse ta aka turo ta WhatsApp, ba wanda zai ji bambanci, kuma duk wanda ya ce yana ji a bar shi da halinsa. Abin da ake ji shi ne jinkiri. Matsewa da aikawa da warwarewa suna cin lokaci, wani sa'in har kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Manhajojin bidiyo kan ɓoye wannan ta hanyar jinkirta hoton kaɗan, amma yaran da ke wasan harbi a waya, da masu haɗa kiɗa, da mai yanka bidiyon biki, su sun san bakin mutum kan riga muryarsa. Haka nan da zarar makirufon bulutut ya fara aiki, ingancin sautin kan faɗi warwas, don hanyar ta rabu biyu.

Sai rikicin adafta, wanda ya haɗa masu shago da kwastomomi faɗa ba adadi. Adaftar USB-C, wato bakin cajin yawancin wayoyin yanzu, iri biyu ce, kuma ido ba ya bambance su. Akwai wadda igiya ce zalla, tana jiran waya ta turo mata sautin da aka riga aka fassara ta bakin caji. Wasu wayoyi suna yin haka, wasu ba sa yi. Akwai kuma mai ɗauke da nata DAC ɗin a ciki. Manyan wayoyin Samsung, da Pixel, da iPhone 15 zuwa sama, wannan ta biyun suke so. Mutum zai sayi mai arha, ya je gida ya soka, waya ta ce ba ta san zancen ba, ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu, mai shago ya gwada a tasa wayar ta yi aiki. Kowa na da gaskiya. Mai gyaran da muka je wurinsa yana da doka guda: ba ya sayar da adafta sai an zo da wayar an gwada a gabansa. Kuma ko ta yi aiki, ta cinye bakin cajin. Ba ka caji kana saurare sai ka sayi wata mai baki biyu, wadda ita ma ba kullum take yarda ba.

Duk wannan damuwar kowa ce a duniya. Tamu ta daban guda biyu ce, kuma ba na jin sun shiga lissafin waɗanda suka zauna a Kalifoniya ko Seoul suka yanke shawara.

Ta farko rediyo. Mutane da yawa sun ɗauka waya na cewa a soka iyafis kafin rediyo ta kama ne don a ji da kunne. Ba haka ba ne, ai kana iya mayar da sautin sifika bayan ka soka. Igiyar ita ce eriya. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, tsawon zangonsu kusan mita uku, eriyar da ta dace da su kuwa tana bukatar kusan santimita 75, abin da ba zai shiga cikin siririyar waya ba. Igiyar iyafis mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai ta zo daidai wa daida. Ana toshe ramin, rediyon ya bi shi a yawancin wayoyi. iPhone dama ba ta taɓa ba da rediyon FM ba. A ƙasar da kowa ke da intanet a gida wannan ba asara ba ce. Amma ga Kawu, wanda safiyarsa ke farawa da BRC, ya leƙa Globe FM, ya tsaya a Albarka in ana muhawarar siyasa, ko takwaransa na Gombe da ke bin Progress da Amana, ma'anarsa ita ce abin da yake ji kyauta tun yana saurayi yanzu sai ya sayi data, in ma tashar tana yaɗawa ta intanet, in kuma sabis bai yanke ba. Rediyon FM ba ya cin data, batir kaɗan yake sha, kuma yana aiki ranar da layukan waya suka ɗauke.

Ta biyu ita ce tambayar Kawu. Ƙananan bulutut ɗin kunne kan yi awa huɗu zuwa shida kafin su koma akwati, akwatin ma bayan 'yan zagaye sai a nemi soket. A watan Oktoban 2024, da layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, mun ga yadda ake layi a shagunan caji, ana biyan kuɗi a kan kowane abu da aka jona. A irin wannan rana duk abin da ke jiran caji kaya ne. Batirin lithium kuma yana tsufa ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, zafi na ƙara masa saurin mutuwa, mu kuwa a watan Afrilu ba sai an ba mu labarin zafi ba. Bayan shekara biyu ko uku, kunne ɗaya zai fara mutuwa kafin ɗayan. A yawancinsu ba a canza batirin, don an manne shi da gam. Shafin iFixit da ke auna sauƙin gyaran kaya ya ba AirPods sifili cikin goma. Iyafis mai igiya in ya yanke a gindin tsinke, yaran Wunti za su fere shi, su ɗiga masa dalma, su naɗe da salatif, ya ƙara wata shida. Wannan kuwa bola ce makomarsa, da ɗan batirinsa a ciki.

Ban manta da sauran masu cin abinci da ramin ba: ɗalibin da ke maƙala ɗan makirufo a wuyan rigar malam yana ɗaukar tafsiri, direban da ke jona waya da rediyon tsohuwar motarsa a hanyar Bauchi zuwa Gombe, mai kiɗan biki da ke karɓar wayar ƙawar amarya ya soka a injinsa nan take ba tare da neman suna da lambar haɗi ba.

Kada a ce na ƙi bulutut. Ina da shi, kuma ranar da nake wanki ko nake tuƙi ba na kewar igiyar da ke sarƙewa a aljihu kamar taliya. Ɗan acaɓa da ke amsa kira ba tare da igiya ta maƙale a madubi ba ya samu sauƙi na gaske. Farashi ma ya sauko sosai, Oraimo da ire-irensa sun cika kasuwa. Amma bulutut bai taɓa bukatar a toshe ramin ba. Wayoyi sun shekara fiye da goma suna ɗauke da duka biyun, kowa na zaɓar abin da ya yi masa. Abin da aka cire zaɓi ne. Sony ma ya gwada cire ramin a 2018, sannan ya mayar da shi a Xperia 1 II a 2020, kuma wayar tana jure ruwa.

Abin ban dariya shi ne yadda lamarin ya juye: yau ƙaramar waya ce ke da abin da babba ba ta da shi. Yawancin wayoyin Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, suna nan da raminsu da rediyonsu, wasu ma suna kama tasha ba tare da igiya ba, domin kamfanin a kasuwar Afirka ya gina kansa, ya san abin da muke yi da waya. Sai dai ruwan na gangarowa. Google ya yi bankwana da ramin ko a wayoyinsa masu rangwame bayan Pixel 5a ta 2021. Galaxy A15 tana da shi, A16 da ta gaje ta ba ta da shi. Manyan samfuran Tecno da Infinix su ma sun fara fitowa a toshe, kuma kar a manta Oraimo ɗin da ke sayar mana da bulutut ɗan gidan Transsion ne. Ga kuma iPhone na hannu da ke shigowa daga waje kwali-kwali, wanda yanzu da wuya ka samu mai rami a cikinsu. Don haka mai shirin sayen waya, in rediyo ko makirufo na cikin bukatunsa, ya juya ta ya duba gindinta da samanta kafin ya ƙirga kuɗi, kada ya dogara da cewa ta bara tana da shi.

Mun saya wa Kawu adafta mai DAC, aka gwada a shagon, karatu ya fito tas. Rediyo dai babu, wayar ba ta ma da manhajarsa. Kwana tara adaftar ta yi ta ɓace, ana zargin ta bi wanki. Yanzu sabuwar wayar tana kan tebur a ɗaki, jikoki na kunna masa ita da daddare ya ga ɗansa ta bidiyo. A aljihun gaba kuwa tsohuwar ƙaramar itel ɗinsa ce, wadda aka ɗaure murfinta da roba, igiya ta fito ta hau kunnen hagu.